Farfesa ya nemi lambar ɗakina a wurin taro, ina zan kai kuka?

Assalamu alaikum. Don Allah admin a sakaya sunana. Ɗalibar digiri na biyu ce ni. Makon jiya na gabatar da maƙalata ta farko a wani taron ƙara wa juna sani a Abuja. Da na sauko, farfesan da ya shugabanci zaman ya yaba, ya karɓi lambata wai zai turo min gyara. Sa'an mahaifina ne, har ƙasa na durƙusa na gaishe shi. Ƙarfe 11 na dare sai ga saƙonsa, wai wane ɗaki nake ya zo mu duba aikin. Ban amsa ba. Washegari wurin ɗaukar hoto ya riƙe min hannu ya ƙi saki, yana dariya, mutane suka kau da kai. Yana cikin masu tace maƙalun da za a buga. Kuma in Baba ya ji, ni da zuwa taro har abada. In yi shiru ne, ko yaya?

Wata malamar jami'a:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Da farko ki cire wa ranki cewa akwai laifinki. Ba da lamba don aiki ba gayyata ba ce. Kada ki goge saƙon, ki ɗauki hotonsa yadda lamba da lokaci za su fito, ki tura wa wadda kika yarda da ita. Ki rubuta abin da ya faru wurin hoton tun yana sabo a ranki, da waɗanda ke tsaye kusa. In ya sake magana, layi ɗaya ya isa: "Ranka ya daɗe, duk gyara a turo ta imel." Sannan ki rubuta wa shugaban kwamitin shirya taron, ki nemi a ba wani mai tacewar maƙalarki. Wannan ko ba ki kai ƙara ba haƙƙinki ne. Ni ma an yi min irin haka ina ƙaramar malama, na yi shiru, daga baya na ji mu uku ne.

Wani ɗan uwa:
Ni dai a ganina ki toshe lambarsa ki bar shi da Allah. Manyan nan sun san juna, kada a ɓata miki suna a banza.

Wata 'yar uwa:
Malam, shirun nan ai shi suke ci. Kuma wa ya cancanci ɓacin suna, mai tura saƙon tsakar dare ko wadda ta ƙi amsawa?

Wata lauya:
Tunda a Abuja ne, dokar VAPP ta 2015, wato dokar hana cin zarafin mutane, tana aiki, hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane ce ke kula da ita. Hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci ma tana ɗaukar irin wannan a matsayin cin amanar muƙami. Ita ta gurfanar da Farfesa Richard Akindele na jami'ar Ile-Ife, aka ɗaure shi shekara biyu a 2018, kuma muryarsa da wata ɗaliba ta naɗa ce ta tona shi. Gaskiya saƙo ɗaya da riƙon hannu da wuya su ɗauki shari'a, amma sun isa koke a rubuce ga ƙungiyar da ta shirya taron da jami'arsa. Kada ki sa sunansa a Facebook, sai ya juya ya ce ƙazafi ne.

Wani mai shirya taruka:
Mun ji kunya wallahi, musamman mazan da suka kau da kai. Da mutum ɗaya ya ce "Farfesa, a sakar mata hannu", da an wuce wurin. A namu taron yanzu muna buga lambar mace ɗaya da namiji ɗaya na karɓar koke a bayan takardar shiri, kuma ana sanarwa tun buɗe taro cewa ba a duba aikin ɗalibi a ɗakin otal.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na adana saƙon, na kuma gaya wa Mama, ta ce ita za ta san yadda za ta yi da Baba. Gobe zan tura wa kwamitin takardar. Anti malama, in ba damuwa zan biyo ki ta gefe ki duba min ita kafin in tura.