Muhawara: Helikes ne maganin gonar da ta yi gishiri?

Malamin Bayoloji, Gwale: Salamu alaikum. Jiya a majalisa wani ya dage cewa Indiyawa sun gama gano maganin ƙasar da ta yi gishiri, wai furotin ɗaya ne mai suna helikes, da an sa wa shinkafa shi ke nan. Ni ban yarda ba. Maganar tana da tushe, amma an ja ta ta wuce inda ta tsaya.

Manomi daga Kura: Malam, ban san helikes ba, amma na san gonar da ta yi fari fat a sama bayan shekaru ana ban-ruwa. In akwai magani, me ake jira?

Ɗalibar Kimiyyar Tsirrai: Baba, bari in fara da aikinsa. DNA igiya ce mai tufka biyu, kuma ba a iya kwafe ta sai an warware. Helikes ne mai warwarar, yana cin makamashin ATP yana bin igiyar. A tsirrai, furotin shida, MCM2 zuwa MCM7, suna haɗuwa kamar zobe su yi wannan aiki. Masara tana da haruffan DNA sama da biliyan 2, kuma duk lokacin da ƙwayar halitta za ta rabu biyu sai an warware su kaf. Haka in hasken rana ya ɓata wani wuri a igiyar, wasu helikes biyu, XPB da XPD, ne ke buɗe shi a yanke ɓarnar a cike gurbin. Shuka ba ta da inuwar da za ta gudu, shi ya sa wannan gyara rai ne a gare ta.

Yaya mai sayar da iri: Malam, a yi wa mutanen adalci. A 2005 ɗakin binciken Narendra Tuteja a New Delhi ya ɗauki wani helikes mai suna PDH45 daga waken turawa ya sa a taba, ta jure gishiri har ta yi fure ta ba da iri. Daga baya an gwada a shinkafa ma. Wannan ba labarin kanzon kurege ba ne.

Malamin Bayoloji: Ban ƙaryata ba, Alhaji. Amma PDH45 ya yi kama da wani furotin, eIF4A, wanda aikinsa a kan RNA ne, mai ɗauko saƙo daga DNA, wajen ƙera furotin, don haka ba za a ce gyaran DNA ne ya ceci tabar ba. Sannan tukunya daban, gona daban. A gona gishiri ba ya zuwa shi kaɗai, da zafi yake zuwa, da ruwan da ya kwanta ya rasa hanyar fita. Gonar da magudanarta ta toshe, gishiri zai ci gaba da taruwa ko wane iri aka shuka.

Ɗaliba: Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina ma cirewa ne, ba sakawa ba. A 2012 masana a Faransa sun kashe helikes mai suna FANCM a ƙaramar shukar gwaji, Arabidopsis, sai musayar da kuromozom (ƙunshin DNA) na uwa da na uba ke yi ta ninka kusan sau uku. A 2018 an ga haka da wani helikes ɗin, RECQ4, a shinkafa da tumatir da waken turawa. Mai haɗa iri yakan sha wahala idan hali mai kyau ya manne da mummuna, su bi jikoki tare. Yawan musaya ne ke raba su.

Ma'aikaciyar Jinya, Fagge: Ƙanwata, a nan ne hankalina bai kwanta ba. A jikin mutum, lalacewar helikes na dangin RecQ ce ke kawo ciwon Bloom da na Werner, kuma masu su na saurin kamuwa da daji. Yaya za a sallami mai gadi a ce gida ya ƙaru?

Ɗaliba: Gaskiyarki, Anti, akwai farashi. A waken turawa yawan iri ya ragu sosai da aka kashe RECQ4. Sai dai ba manomi za a miƙa wa irin a haka ba. A lokacin haɗin kawai ake buƙatarsa, in an samu halin da ake nema sai a sake haɗawa da lafiyayye, mai gadin ya dawo.

Yaya mai sayar da iri: To ni ina nan kan bakana. Waken SAMPEA 20-T, wanda aka sauya wa ƙwayar halitta, ma haka aka yi ta musu kafin a sake shi a 2019.

Malamin Bayoloji: An sake shi ne bayan cibiyar binciken aikin gona ta IAR Zariya ta shafe shekaru tana gwada shi a gona, Alhaji. Shi nake nema a nan ma.

Manomi daga Kura: To a kawo irin zuwa Kadawa a shuka rani biyu kusa da namu, mu auna buhu. Kafin nan, gobe zan nemi yara mu yashe magudana.