Me za mu kira "respiratory muscle training" da Hausa?

1/ Jama'a, a taya ni neman sunan wannan atisaye na tsokokin da muke numfashi da su, wanda likitan gashin ƙashi zai faɗa wa dattijo mai ciwon COPD, wato daɗaɗɗiyar toshewar hanyoyin iska na huhu, ko mai raunin zuciya, ya gane nan take.

2/ An kawo "motsa huhu". Ban karɓa ba. Huhu ba shi yake jawo iska da kansa ba, buɗe shi ake yi. Mai aikin ita ce faffaɗar tsokar nan da ta raba ƙirji da ciki, sai ƙananan da ke tsakanin haƙarƙari. Su ne ke raunana in ciwo ya daɗe, har mutum ya riƙa haki daga alwala kawai.

3/ "Atisayen numfashi" ya fi kusa, amma ya yi faɗi. Tsuke baki a fitar da iska a hankali yana ciki, haka abin nan mai ƙwallaye uku da ake ba wanda aka yi wa tiyata ya riƙa jan iska ta cikinsa. Namu daban ne: 'yar na'ura ce kamar su POWERbreathe, a danne hanci, a kama ta da baki, ƙofar iskar ba ta buɗewa sai an ja da ƙarfi. Akan fara da wajen kashi 30 cikin 100 na iyakar ƙarfin jan mutum, ja 30 safe da yamma, ana ƙara nauyin sannu a hankali. Ba sabon abu ba ne ma, tun 1976 masu bincike Leith da Bradley suka nuna waɗannan tsokoki suna ƙara ƙarfi in an sa su aiki.

4/ Masu cewa "jijiyar numfashi", ku yi haƙuri. Jijiya ta riga ta ɗauki kaya da yawa: ta jini ita, ta laka ita. "Horo" kuma, faɗa wa tsoho za a yi masa horo ka ga kallon da zai maka.

5/ Ni dai na tsaya a kan ƙarfafa tsokar numfashi. Na jan iska, wanda ake taƙaitawa da IMT a Turance, mu ce atisayen zuƙa, domin zuƙa ba shaƙa ba ce, akwai ƙarfi a cikinta. Na fitarwa, atisayen hurawa.

6/ Na'urar ce ta rage. Kada dai a ce "abin shaƙa", mai asma zai ɗauka maganinsa ake nufi, alhali babu magani ko ɗigo a cikinta. Ina jiran naku, musamman 'yan uwa na Maraɗi da Damagaram.