Muhawara: Shin Sewanee ta 1899 ce ƙungiyar jami'a mafi ƙarfi a tarihin ƙwallon Amurka?

Malam Bala: Assalamu alaikum. Matsayina shi ne, a tarihin ƙwallon Amurka na jami'o'i, wato wanda ake gudu da ƙwallo a hannu, ba a taɓa yin ƙungiya kamar Sewanee ta 1899 ba. Ƙaramar jami'a ce a kan tsauni a jihar Tennessee, ɗalibanta ɗari uku da 'yan kai. Ta buga wasa 12 ta cinye duka, ta zuba maki 322, aka zuba mata 10 kacal. Babbar hujjata ita ce tafiyar Nuwamba, kusan kilomita 4,000 a jirgin ƙasa. Alhamis 9 ga wata sun doke Texas 12-0 a Austin. Juma'a Texas A&M 10-0 a Houston. Asabar Tulane 23-0 a New Orleans. Lahadi suka huta. Litinin LSU, wato jami'ar jihar Louisiana, 34-0 a Baton Rouge, Talata Mississippi 12-0 a Memphis. Wasa biyar cikin kwana shida, ba wanda ya ci su ko maki ɗaya.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Malam, alƙalumanka daidai suke, hukuncin ne ban yarda da shi ba. Juriya daban, ƙarfi daban. A 1899 cibiyar wasan tana arewa maso gabas ne, wajen Harvard, Yale, Princeton da Pennsylvania, kuma Sewanee ba ta kara da ko ɗaya daga cikinsu ba. Harvard ta gama shekarar ba a doke ta ba, nasara 10 da canjaras ɗaya da Yale. Princeton ta ci 12 ta faɗi sau ɗaya a hannun Cornell. Waɗannan biyun ake lissafawa zakarun ƙasa na shekarar.

Malam Bala: Wace ce a cikinsu ta kwana a tarago ta sauka ta buga wasa, sannan ta maimaita washegari?

Hajiya Rabi: Kafin ku yi nisa, a fara sanin irin wasan da ake magana a kai, domin wanda ya saba kallon na yanzu zai raina 12-0. A lokacin ba a jefa ƙwallo gaba, sai a 1906 doka ta halatta. Tsawon fili yadi 110 ne. Mai riƙe da ƙwallo yana da yunƙuri uku ya ci yadi biyar, in ya kasa ya miƙa ta ko ya doka ta nesa. Dire ƙwallo bayan layin abokan hamayya maki 5 ne, bugun da ke biye maki 1, bugun da ya ratsa tsakanin turaku daga cikin fili shi ma 5. Saboda haka 12-0 na nufin an dire sau biyu an kuma ci bugun biyu. Yadda ake cin yadin kuwa, 'yan wasa ne ke dunƙulewa wuri guda, na baya su tura mai ƙwallo, na gaba su ja shi, a tsaga layin abokan hamayya da ƙarfin tsiya. Hular kwano ba dole ba ce, da yawa gashi kawai suke tarawa. Abin da ya fi muhimmanci ga maganar Malam Bala shi ne dokar canji: wanda aka fitar ba ya komawa wasan. Mutum ɗaya ne ke kai hari, shi ne ke tsaron baya, har a tashi. Wannan ne ya sa kwana shidan nan ke da nauyi. Tsoka da ta sha irin wannan gwabzawa takan sandare washegari, musamman in an kwana a takure a kujerar jirgi, kuma raunin gwiwa ko idon sawu da ba a huta masa ba ƙaruwa yake yi kowace rana.

Malam Bala: Allah ya saka da alheri, Hajiya. Kuma sun san da wannan matsalar, sun yi mata shiri. Sun tafi da mai tausa, Cal Burrows, yana murza musu ƙafafu da dare a cikin jirgi. Sun ɗauki gangunan ruwa daga maɓuɓɓugar garinsu don kada canjin ruwa ya ɓata musu ciki. Kyaftin ɗinsu Henry Seibels ya fashe a goshi a wasan Texas, aka liƙe wurin ya ci gaba da wasa.

Baban Khalifa: Na yarda da jarumtar. Amma a dubi su wa aka doke. Tulane ba ta ci ko wasa ɗaya ba a shekarar. LSU wasa ɗaya ta ci, shi ma Tulane ɗin ta doke. Wato biyu cikin biyar ɗin nan ba su da wani ƙarfi. Texas ce babbar abokiyar hamayya a tafiyar, ita kuma aka fara bugawa tun jiki bai gaji ba. Haka 322 ɗin: cire maki 71 da ta zuba wa Cumberland, 54 na Southwestern Presbyterian da 46 na jami'ar Tennessee, sama da rabi ya tafi a wasa uku.

Ga kuma ma'aunin da ya fi kowane adalci, abokiyar hamayyar da ɓangarorin biyu suka haɗu da ita. North Carolina ta je Princeton a shekarar an lallasa ta 30-0. Ita ɗin dai Sewanee ta doke da ƙyar 5-0 a Atlanta ranar 2 ga Disamba, da bugu ɗaya daga cikin fili, ba ta iya dire ƙwallo ko sau ɗaya ba.

Malam Bala: Yallaɓai, wasan North Carolina kwana biyu ne bayan na Auburn, wanda shi ne mafi zafi a kakar. Shi ne kuma na 12 cikin mako shida. Ba za a gwada shi da wasan da Princeton ta buga a gidanta ba.

Ɗan Asabe: Tunda an ambaci Auburn, a tsaya a kansa, don ni a ganina shi ne ya fi nuna gaskiyar ƙungiyar, har fiye da tafiyar. An buga shi a Montgomery ranar 30 ga Nuwamba. Kocin Auburn John Heisman ne, wanda babbar kyautar gwarzon ɗan wasan jami'o'i ke ɗauke da sunansa a yau. Dabararsa ita ce sauri: da an kayar da mai ƙwallo, yaransa sun riga sun jeru sun sake kai hari kafin masu tsaro su daidaita sahu. Sewanee ba ta saba da haka ba, shi ya sa duk maki 10 da aka ci ta a shekarar a ranar aka ci su. An tashi 11-10, duhu ya sa aka tsayar da wasan kafin lokaci ya cika, kuma Heisman ya yi ƙorafi kan alƙalancin. Maki ɗaya ne tsakani. Wanda ya ce ba a taɓa yin kamarta ba sai ya bayyana mana yadda Auburn, maƙwabciyarta a kudu, ta kusa kayar da ita.

Hajiya Rabi: Wannan hujjar tana iya juyawa, Ɗan Asabe. Sun haɗu da salon da ba su taɓa gani ba, daga hannun ɗaya daga cikin kociyoyi mafi basira na zamanin, kuma suka fita da nasara.

Wani abin da ba a faɗa ba: tafiyar kanta ba don neman suna aka tsara ta ba. Wasa da Vanderbilt, wata jami'a a Tennessee, shi ke kawo wa Sewanee kuɗin shekara, sai aka saɓa kan rabon kuɗin ƙofa, wasan ya rushe. Manajan ƙungiyar, Luke Lea, ɗalibi ne wanda daga baya ya zama sanatan Tennessee, shi ya jera wasannin kusa da kusa don kuɗin jirgi guda ya haifar da kuɗin ƙofa biyar. Illar haka ga muhawararmu ita ce, babbar abokiyar gabarsu a jiha ɗaya ma ba su kara da ita ba.

Baban Khalifa: In kuma alƙaluma ake bi, Michigan ta 1901 ƙarƙashin koci Fielding Yost ta wuce nan: wasa 11, maki 550, ba a ci ta ko ɗaya ba. Ta yi tafiya har California ta doke Stanford 49-0 ranar 1 ga Janairun 1902, har Stanford ta nemi a tsaya saura minti takwas.

Malam Bala: Michigan babbar jami'ar jiha ce mai dubban ɗalibai da za ta zaɓa daga ciki, kuma 128 daga makin nan a kan Buffalo ta same su, irin abin da ka soki Sewanee da shi. Na sassauta a abu ɗaya: ba ni da hujjar cewa Sewanee za ta doke Harvard ko Princeton da sun haɗu, kuma 30-0 da 5-0 ɗin nan na karɓe shi. Amma zakarar kudu ce ba tantama, kuma kakar da ta buga babu ƙungiyar da ta sake buga irinta.

Ɗan Asabe: To kalmar "mafi ƙarfi" ce ya kamata ta fita daga maganar, Malam. Sauran tambayar ita ce Texas. Wanda ke da sakamakon wasanninta na 1899 ya kawo, mu ga da wa ta kara kafin 9 ga Nuwamba, don nauyin 12-0 ɗin farko a kan haka ya dogara.