Wane suna za mu raɗa wa bonsai da mazubinta?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wasu matasanmu a nan Jidda sun fara zuba ƙananan mazuban siminti da hannu suna kai wa masu sayar da shuke-shuke, amma har yau markan suke kiran su kamar yadda mutanen gari ke faɗa, ƙaramar bishiyar da ake raino a cikinsu kuma sun bar ta a bonsai.

Kalmar bonsai ta Japananci ce: bon mazubi ne mai faɗi marar zurfi, sai kuma shuka. Daga ƙasar Sin Japanawa suka gaji sana'ar, kuma da mazubin suka raɗa mata suna.

An kawo "wadar bishiya", ban gamsu ba. Wada haka Allah Ya halicce shi, ita kuwa wannan da gangan ake hana ta girma, a rage saiwa, a datse rassa, a naɗa musu waya, kuma da za a mayar da ita ƙasa da ta ci gaba da tashi. "Tsumburarriya" kuwa rashin lafiya take nunawa.

A kan sunan mazubin aka fi ja, ko a ce tukunya ko kasko. Tukunya tana da ciki da matsattsen baki, ta yadda ranar sauya ƙasa saiwar ba za ta fito ba sai an fasa. Wanda yaran nan ke yi buɗaɗɗe ne: su kwaɓa siminti da yashi, su zuba tsakanin roba biyu da aka shafa wa mai, su bar hudar fitar ruwa da ƙananan hudojin ɗaure waya, sannan su tsoma shi cikin ruwa na kwanaki don ya yi ƙwari kuma kaifin simintin ya ragu, domin zafin Jidda yakan tsaga wanda ya bushe da gaggawa. Wannan ai kasko ne.

Wani dattijonmu na Makka ya ce kasko na yumɓu ne. Baba, Allah Ya ƙara girma, kaskon suya na ƙarfe ne, ba wanda ya sauya masa suna.

Don haka na tsaya a kan "kaskon siminti", ba kankare ba, tunda babu tsakuwa a ciki, bonsai kuma "bishiyar kasko". Kariya, wadda ke fitowa a duwatsun Jazan kamar yadda take fitowa a ƙasar Hausa, in an raine ta haka sai ta zama kariyar kasko, tsamiya kuma tsamiyar kasko.