Fom ɗin rajista na manhajata yana korar mutane, a taimaka

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa wata manhaja da Flutter, wato kayan aikin gina manhaja, na gama fom ɗin rajista, suna da imel da lambar waya da fasiwod, to da na ba mutane su gwada sai biyu suka kasa wucewa. Ɗaya sunansa Mu'azu, fom ya ce wai sunan ba daidai ba ne, ɗayar kuma imel ɗinta lafiya ƙalau amma ja kawai yake nuna mata. Rejeks ɗin, wato ƙa'idar da fom ke bi ya duba ko rubutu daidai ne, a intanet na kwafo, ba zan ɓoye ba. Ta ina zan fara?

Tsohon Hannu: Wa'alaikumus salam. Ai ka faɗi ciwon da bakinka ƙanena, rejeks ɗinka A zuwa Z kaɗai ya sani, shi ya sa alamar da ke tsakiyar Mu'azu ta faɗo da shi, kuma wallahi duk mai ƙ ko ɗ a sunansa haka zai sha. Suna ba a yi masa sharaɗi da yawa, ka duba dai ba a bar gurbin fayau ba kuma bai yi tsawon hauka ba, shi ke nan.

'Yar Kod: Na imel ɗin nan ina zargin sarari ne, kibod na waya yana liƙa shi a ƙarshe idan mutum ya taɓa kalmar da ya kawo masa, ido ba ya gani. Ka datse shi kafin dubawa. Sannan kar ka hana alamar +, halas ce a imel. In akwai @ da ɗigo bayansa ka tura lambar tabbatarwa kawai, ita za ta nuna ko akwatin na gaske ne. Kuma don Allah kar ja ya fito mutum na tsaka da rubutu, bari ya bar gurbin tukuna, abin na ba ni haushi.

Mai Saba: Lambar waya kar ka wahalar da kanka, ɗauki libphonenumber, kayan aikin duba lambar waya na Google, ka adana a tsarin E.164 na rubuta lamba da lambar ƙasa a gaba, lambobi ba sa wuce 15. Amma malam, kana sake dubawa a saba kuwa, wato kwamfutar da manhajar ke aika wa bayanan? Don wanda ya iya zai tsallake manhajar ya aika abin da ya ga dama kai tsaye.

Mai tambaya: Saba kam ban taɓa ba gaskiya. Na datse sararin, ta shiga yanzun nan! Na Mu'azu nake gyarawa, na gode ƙwarai.