Haɗin kan biranen Turai kan muhalli: aiki ne ko taro da ɗaukar hoto?

Ɗan_Tudu ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga waɗanda suka san harkar tsara birane. Kullum sai a ji birane kaza a Turai sun sa hannu kan yarjejeniyar rage hayaƙi, ko sun kafa ƙungiyar koyi da juna. To wai idan magajin gari ya sa hannu, me ke biyo baya? In bai cika alkawari ba, akwai mai kama shi? Kuma kuɗin aikin daga aljihun wa yake fita, na birnin ko na Tarayyar Turai?

Malam_Safiyo ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sai an fara raba aya da tsakuwa, don takardun ba ɗaya ba ne. Yarjejeniyar Aalborg ta 1994 da ta Leipzig ta 2007, wadda aka sabunta a 2020, duk bayanin manufa ne, ba wanda zai bi ka bashi a kansu. Wadda ke da aikin gida a cikinta ita ce Yarjejeniyar Magadan Gari da Hukumar Tarayyar Turai ta kafa a 2008. Da farko alkawarin shi ne rage iskar kabon da kashi 20 cikin ɗari kafin 2020, a 2015 aka ɗaga zuwa 40 kafin 2030, yanzu kuma 55. Ƙananan hukumomi fiye da 10,000 sun shiga, mafi yawansu daga Italiya da Sifaniya.

Magajin gari ba ya sa hannu sai majalisar birnin ta amince. Daga ranar yana da shekara 2 ya miƙa shirin aiki, wanda ake kira SECAP a taƙaice. Ginshiƙin shirin shi ne lissafin hayaƙin shekarar tushe, wato shekarar da za a riƙa auna ci gaba da ita. Shawara ita ce a ɗauki 1990, amma birane da yawa ba su da takardun lokacin, sai su ɗauki shekara mafi kusa da ke da cikakkun alƙaluma. Ana tattara makamashin da aka ƙona a gine-ginen hukuma da fitilun titi, shaguna da ofisoshi, gidajen jama'a, da sufuri, a mayar da komai zuwa ma'auni ɗaya, sannan a ninka da adadin hayaƙin kowane irin mai. Litar dizal tana fitar da kusan kilo 2.7 na iskar kabon, ta fetur kusan 2.3. Bas ɗin da ya sha lita 30,000 a shekara kenan ya fitar da wajen tan 80.

Inda lissafin ke kwaɓewa wuri biyu ne. Na farko sufuri: gidan mai ya san litar da ya sayar, bai san ko a cikin birni aka ƙona ta ko a babbar hanya ba, don haka ya fi a ƙirga motoci da tsawon tafiyarsu a cikin iyakar birnin. Na biyu lantarki. Idan ƙasa ta rufe tashoshin kwal, hayaƙin kowane birni zai sauka a takarda ko da bai tsinana komai ba. Maganinsa shi ne a riƙe ma'aunin lantarkin shekarar tushe a duk rahotannin gaba, yadda ba za a ci da gumin wani ba.

Ana kai rahoto duk shekara 2, cikakken sabon lissafi kuma duk shekara 4, cibiyar binciken Hukumar ce ke duba shirye-shiryen. Hukunci dai ba tara ba kotu. Wanda bai kawo shiri ba, sai a dakatar da shi daga jerin, shi ke nan.

Ɗan_Tudu ya rubuta:

Na gode, Malam. Amma wannan ai kowa tasa ta fisshe shi ne, kowane birni da takardarsa. Ina haɗin kan yake?

Hajiya_Ma'aji ta rubuta:

Ɗan_Tudu, haɗin kan da kake nema ya fi fitowa a shirin URBACT na Tarayyar Turai, wanda aka fara a 2002. Birane kamar 8 zuwa 10 daga ƙasashe daban-daban ne ke haɗuwa kan matsala ɗaya na kusan shekara biyu da rabi, ɗaya ya jagoranta, a ba su ƙwararre guda. Kasafin rukunin gaba ɗaya bai kai yuro miliyan ɗaya ba, kuma ba na zuba kankare ba ne: albashin ma'aikata ne, tafiye-tafiye da ƙananan gwaje-gwaje. Kowane birni dole ya kafa kwamitin gida da ya haɗa ma'aikatan hukuma, 'yan kasuwa, ƙungiyoyi da mazauna unguwa.

Misalin da ya fi nuna yadda abin ke tafiya shi ne na Mouans-Sartoux, wani ɗan gari a kudancin Faransa mai mutum kusan 10,000. Tun 2012 abincin makarantunsa, kusan kwano 1,000 a rana, duk na noman da ba a sa takin zamani ko maganin feshi ba ne, kuma farashin kwano bai tashi ba. Sirrin yana cikin bokitin shara. Bayan kowane cin abinci ana ware ragowar iri-iri a ɗora a sikeli a rubuta. Yaro yana zaɓar ƙaramin rabo ko babba, in bai ƙoshi ba ya dawo ƙari, tuffa kuma yanka ta ake yi maimakon a miƙa masa guda ya gatsa sau biyu ya yar. Abin da ake zubarwa ya sauko daga giram 147 a kowane kwano zuwa kusan 30, kuma rarar ce ta biya tsadar kayan miya. Da garin ya rasa manoman kusa da za su wadata shi, sai ya buɗe gonarsa ya ɗauki manomi aiki.

Daga 2018 aka haɗa shi da wasu garuruwa shida su kwaikwaya, ciki har da Troyan a Bulgeriya, Trikala a Girka da Torres Vedras a Fotugal. Troyan har ta kafa tata gonar. Sai dai ba a ɗauko tsarin ɗungurungum. Inda kamfani ne ke dafa abincin bisa kwangila, hukuma ba ta da iko da tukunya sai wa'adin ya ƙare. Dokar sayen kaya ta Tarayyar kuma ta hana a rubuta cewa sai manomin gida kaɗai zai nemi kwangila, don haka ake datsa ta ƙanana, a sa sharaɗin ɗanyen kaya da na lokacinsa, yadda ƙaramin manomi zai iya shiga. Awon shara ne kaɗai kowa ke iya farawa gobe, sikeli da littafi kawai yake buƙata.

A gefe guda, an taɓa gwada wannan salon a Afirka daga 2019 a shirin ASToN da kuɗin hukumar raya ƙasashe ta Faransa, da Yamai, Legas da Kumasi a cikin birane 11, amma kan fasahar zamani ne.

Injiniya_Gambo ya rubuta:

Hajiya ta yi bayani, saura maganar manyan kuɗi. Suna fitowa ne daga asusun raya yankuna na Tarayyar. A zangon 2014 zuwa 2020 an wajabta wa kowace ƙasa ta ware aƙalla kashi 5 na rabonta ga raya birane mai ɗorewa, a na 2021 zuwa 2027 ya koma kashi 8. Ba kyauta ce zalla ba, birni ko ƙasa sai sun kawo nasu kason, kuma galibi sai ka kashe ka kawo rasit a biya ka. Ƙaramin gari mai ma'aikaci ɗaya a sashen muhalli nan yake maƙalewa. Bankin Zuba Jari na Turai yana da tallafin ELENA mai biyan har kashi 90 na kuɗin shirya aiki, amma yawanci ayyukan da suka haura yuro miliyan 30 yake kallo. Shi ya sa larduna irin na Basalona ke tattara ƙananan garuruwa su haɗa fitilun titinsu da makarantunsu a buƙata ɗaya.

Ni dai inda nake ganin raunin tsarin shi ne birni yana alkawarin abin da ba a hannunsa yake ba. Kopenhagen, babban birnin Danmak, ta ce za ta kai matsayin ba rarar hayaƙi a 2025, wato hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda take kawarwa ba, ta kuma yi aiki na gaske a kan bututun ɗumama gidaje da hanyoyin keke. Ragowar lissafin sai ta jingina shi kan na'urar kama iskar kabon a tashar ƙona shara ta Amager Bakke. A 2022 kamfanin tashar bai cika sharaɗin jarin da asusun gwamnatin Danmak ya gindaya ba, dole birnin ya fito ya ce ba zai cika wa'adin ba. Malam Safiyo, ko a shirye-shiryen birane 112 da Hukumar Tarayyar Turai ta zaɓa a 2022 su kai wannan matsayi kafin 2030, shafin da ya kamata a fara buɗewa shi ne wanda ya nuna tan nawa ke jiran sa hannun minista ko kamfanin lantarki.