Hankalina ba ya zama wajen addu'a, ku taimaka

Salama 'yan'uwa, don Allah ina neman shawara. A Jos nake, ina yin Rosari (addu'ar carbi ta mu Katolika) kullum da dare amma kafin in gama goman farko hankalina ya gudu kasuwar Terminus, wa ya ci bashi wa bai biya ba, wani lokaci ma barci ne kawai. Abin da ya fi damuna shi ne fushi, in na je furta zunubi wajen Fada (limamin cocinmu) maganar ɗaya ce kullum, kwana biyu na sake yi wa yara tsawa. Katekis ɗinmu ya ce in gwada binciken zuci irin na Waliyyi Ignatius, wato in duba yadda yinina ya wuce a gaban Allah, kafin in kwanta, sai abin ya koma lissafin laifin maigida. Yaya kuke yi ne? In mai da Rosarin asuba ko kuwa?